Munduwar Baba

Zuwa ga Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa Kano lafiya, ka tarar da su Ummi ƙalau.

Yaya, tambaya gare ni. Kana nan muka buɗe adudun Nana, mahaifiyar Baba, muka fito da 'yar taguwarsa ta saƙi, da fartanyar da ya koyi noma da ita a Mai'adua, da 'yar munduwar ƙarfen nan. Da kunnenka ka ji labarin. Nana wabi take yi, 'ya'ya huɗu ta binne kafin shi, sai ta kai shi maƙera aka sa masa ƙarfen a ƙafa. Da ya tasa aka datse, ta adana, ta ce muddin munduwar tana gidan nan ba inda za shi. Kai kuwa ka murtuke fuska ka ce camfi ne.

Tun tafiyarka ba mu ga munduwar ba. Baba bai tambayi kowa ba, shirun nan nasa ne ya hana ni sakewa.

Ƙanwarka,
Shatu


Yaya Badaru,

Gaisuwa mai yawa, da fatan aiki da sauƙi.

Saƙonka ya iso, wai ka jefa munduwar rafi a hanya don ka raba Baba da shirka. Sannu da ƙoƙari, malam! Ni ma na yi islamiyya, na san rai a hannun Allah yake. Amma tsohon da ya haura tamanin ka raba da abin da uwarsa ta bar masa.

Ban gaya masa ba. Ya dai daina taɓa tuwo, ya ba jikansa Sagir rediyonsa. Jiya da hantsi na tarar yana shafa tabon idon sawunsa yana kiran sunayen yayyensa huɗun nan, waɗanda bai taɓa gani ba. Ya ce in ƙaro tabarma, wadda ke ɗakin ta yi musu kaɗan. Wallahi tsoro nake ji.

Taka,
Shatu


Yaya,

Ina gaisuwa, Allah ya sa kuna lafiya.

Na sa wani maƙeri ya ƙera irin munduwar, na binne ta cikin jiƙaƙƙen gishiri har ta yi tsatsa, na kai wa Baba na ce a bayan randa na tsinta. Ya jujjuya ta, ya yi murmushi, ya yaba hannun maƙerin, ya miƙo mini abata. Sannan ya sa na ciro farin yadin da ya wanko da zamzam shekarar da ya yi hajji, na shanya.

Ya ce in gaya maka ba ya riƙe da kai. Ka taho da wuri, kai yake so ka yi masa wanka, tunda ka fi mu sanin yadda addini ya ce a yi.

Ka taho, Yaya.

Shatu