Sabuwar Reza da Gidan Sauro

Zuwa ga Hure, sanyin idona, inuwar da zuciyata ke gudu gare ta in ranar Kebbi ta take tsaka,

Albishirinki! Gwazanki ya buɗe sabon ganye yau da safe, kore shar, ba ɗigo ko ɗaya.

Kin tuna ranar da kika taso daga Argungu da tukunya a cinya, kika dire ta a lambuna na Gwadangaji? Kika ce gwazan adon nan marigayiya Inna ce ta dasa shi, in ya kai damina da rai a hannuna, in turo magabatana. Har dariya na yi, don a ganina wa ya fi ni sanin ganye a garin nan?

Sai ga ganyayen nawa gwazan na sayarwa da ke ƙarƙashin inuwar mangwaro sun fara zanen rawaya kamar atamfa. Ni kuwa gwanin banza, na ɗauka sabon launi Allah ya ba ni, na yi ta yanka ina rarrabawa a sabbin tukwane. Malam Ikrima, malamin gona, shi ya gaya mini cutar bairos ce, ba ta da magani, kuma wuƙata ce ke yawo da ita, ita da ƙananan ƙwarin da ke tsotson ganye. Tukunya ɗari da arba'in na tuge na ƙone. Na yi kuka, Hure, kuma tsoron rasa ki ne ya sa ni kukan.

Kin san abin da ya tsare naki? Kunya. Tun ranar farko na ji nauyin taɓa dashen Inna da wuƙar da nake yanka kayan sayarwa, sai nake sayen sabuwar reza duk sanda zan gyara shi. Da na ji zancen ƙwari kuwa, na kwance gidan saurona na rufa masa. Sati bakwai ke nan sauron fadama na shagali a jikina, ban ji ciwon cizo ko ɗaya ba.

Malam Ikrima ya duba ganyen ciki da bai, ya ce lafiya lau. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas! Me kuma ya rage, farin watana? Ki shaida wa Baba, kawunnaina na nan tafe ranar Juma'a. Gidan sauron dai na bar wa gwazan Inna har abada, in za ki tare sai ki taho mana da naki.

Naki shi kaɗai, muddin ina numfashi,
Albashir, mai ƙurajen sauro