Hauwa Fagge Biyu a Aji Ɗaya

Yaya Garba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aikin tasha, yaya ruwan Inugu? Mu nan ƙalau, sai ƙafar Inna.

Na ga takardarka, wai za ka cire Hauwa daga sakandare don ta faɗi lissafi. Dakata tukuna. Da malamarsu ta tafi, manya suka ce babu kuɗin ɗaukar wata, aka haɗa mini aji biyu. Wai tsimi ke nan. Ka san makaranta da laƙaba wa yaro sunan unguwarsu, sai ga ni da Hauwa Fagge biyu. Sakamakon ɗayar ka samu, kuma da hannuna na sa shi a ambulan. Duk karatun da na yi a Ibadan, na kasa bambanta 'yar wana da 'yar maƙwabta.

Taka ce ta uku a ajin. Da na ba ta haƙuri, cewa ta yi, "Gwaggo, ita ɗayar fa? Da babanta ya ga sakamakona, har takalmi ya sayo mata a Sabon Gari."

Ka bar mana ita, Yaya. A gaida kowa. Ka sa mu a addu'a, har da mai takalmin.

Ƙanwarka,
Asabe