Hoton Da Na Ɗauka Ne Ya Nuna Wa Ɓarayi Gidan

Zuwa ga Dona Leonor,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Wata biyu ke nan ina ɗauke da wata magana da ta hana ni jin daɗin abinci. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa. Na canza sunaye, amma sauran duk yadda ya faru ne.

Shekarata sittin da takwas. Talatin da huɗu daga ciki na yi su ina raba wasiƙu a garinmu na bakin teku, kuma ban taɓa ɗaga kai na kalli gida ba, lamba kawai nake dubawa. Da na yi ritaya, mijin 'yata ya ba ni tsohuwar kyamararsa, wai don in daina bin matata kicin ina buɗe mata tukwane. Shi ke nan na kamu. Ba na ɗaukar mutane. Tayil ɗin bangon gidaje nake ɗauka, da ƙarafan baranda, da hannun tagullar nan da ake ƙwanƙwasa ƙofa da shi. Muna da zaure a intanet, mu wajen ɗari huɗu, yawanci tsofaffi irina, kowa na saka abin da ya ɗauko, a yaba masa ko a yi masa tsiya.

A wani lungu bayan kasuwar kifi akwai gidan Dona Gracinda, tsohuwa 'yar shekara tamanin da shida, ita kaɗai take zaune. A saman ƙofarta akwai tayil ashirin da huɗu masu zanen jirgin kamun kifi da shuɗin fenti, a ƙasa an rubuta Amadeu. Yayanta ne, teku ya ci shi yana ɗan shekara goma sha tara, ba a ga gawarsa ba. Mahaifinsu ne ya sa aka zana, tunda babu kabarin da za a je. Ranar da ta same ni tsaye a kan akwatin kifi ina saita kyamara, sai ta ce, "Mai wasiƙa, shekara ashirin kana zuwa ƙofar nan, sai yau ka ga yayana?" Ta shigar da ni, ta ba ni kofi da yankan kek. Daga nan duk Alhamis ina can.

A watan Maris na saka hoton a zaurenmu. Ya yi kyau, rana ta faɗo masa ta gefe, har ana ganin sawun burushi. Yabon da aka yi ta yi min ya hau min kai. Wani ya tambayi inda yake, na rubuta sunan lungun, na ce gida na uku a hagu. Ban tsaya nan ba. Na ƙara da cewa a sa mai gidan a addu'a, jibi za a yi mata aikin ƙugu a asibitin birnin Porto, sai bayan sati uku za ta dawo. Da zuciya ɗaya na rubuta, Allah ya sani.

Bayan kwana tara, da rana tsaka, mutum biyu suka zo da farar mota da tsani, sanye da kayan aiki. Maƙwabciyarta, Dona Idalina, ta ɗauka 'yar ƙanwar Dona Gracinda ce ta turo masu gyara, har ruwa ta ba su. Washegari na je ba wa furannin Dona Gracinda ruwa, na ɗaga kai, sai siminti tsirara, an cire tayil ɗin duka. Guntaye biyu na tsinta a ƙasa. Kin san abin da na fara yi? Ban je wajen 'yan sanda ba. Gida na koma da sauri na goge hoton daga zauren, da duk abin da na rubuta. Wannan ne ya fi ba ni kunya.

Ranar da aka dawo da ita tana dogara sanda, ta kalli wurin, ta ce, "Ku ba ni makulli." Tun daga nan ba ta ƙara fito da kujerarta bakin ƙofa ba. Ta roƙe ni hoton, na wanke mata babba, ta ajiye kusa da gadonta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Da ba don kai ba, ɗana, da ko inuwarsa ba ni da ita." Kowa ya zo gaishe ta sai ta yabe ni. Ita kuwa Dona Idalina, ƙawarta ta shekara arba'in, Dona Gracinda ta daina yi mata magana, ta ce ita ce ta yi ta yaɗa tafiyarta a kasuwa. Duk da haka Dona Idalina kullum sai ta ajiye miya a ƙofar, a mayar mata ba a taɓa ba.

Matata Ofélia ta ce in kama bakina. Ta ce, "Kai ka hau tsanin? Ka je ka ƙarasa tsohuwa don kai ka samu sauƙi a ranka?" Wataƙila da gaskiyarta. Ba ni da tabbacin ma a zaurenmu ɓarayin suka gani. Amma ina zuwa duk Alhamis ina cin kek ɗinta. Kyamarar tana cikin durowa, ko taɓa ta ba na iyawa. In faɗa mata ne, ko in tafi da abin kabarina?

Naki,
Tsohon Mai Wasiƙa

*

Tsohon Mai Wasiƙa,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, ta taɓa ni. Bari mu fara ajiye kowane laifi a wurin mai shi. Ba kai ka yi sata ba. Waɗanda suka zo da tsani su ne ɓarayi, kuma irinsu suna yawo lungu lungu tun kafin ka riƙe kyamara. Naka sakaci ne: ka faɗi inda gidan yake, ka faɗi ranar da babu kowa a ciki. Wataƙila shi ya jawo su, wataƙila ba shi ba. Ba za ka taɓa sani ba, sai ka koyi zama da hakan.

Maganar matarka ba ta banza ba ce. Akwai masu tona asirin kansu don kawai su sauke nauyi a kan wanda suka cuta. Da abin tsakaninka da Dona Gracinda ne kaɗai, da na yi jinkiri kafin in ce ka yi magana. Amma akwai Dona Idalina. Ita take biyan kuɗin shirunka kowace rana, kuma tsohuwar da kake tausayi ta rasa yayanta a karo na biyu, ta kuma rasa ƙawar da ke bango ɗaya da ita. Tayil ba lalle ya dawo ba. Ƙawar kuwa kai kaɗai za ka iya dawo mata da ita. Sannan mutum ɗari huɗu sun karanta abin da ka rubuta. Wata rana wani zai faɗa, kuma jin sa a bakin wani zai fi yi mata ciwo.

Ka fara sanar da 'yar ƙanwarta, ka tambaye ta ko lafiyar tsohuwar za ta ɗauka. Ku je tare. Ka faɗa a gajarce, har da gogewar da ka yi. Kada ka yi kuka har ta koma tana lallashinka, kada kuma ka nemi ta yafe maka a take. In ta ce kada ka ƙara zuwa, ka girmama maganarta, ka bar wa 'yar ƙanwar lambarka.

Hotonka shi ne shaida mafi ƙarfi da ake da ita. Ka kai wa 'yan sanda shi da guntayen nan biyu, ka gaya musu abin da ka rubuta da ranar. Ka roƙi 'yan zaurenku su sa ido a shagunan tsofaffin kayan tarihi da kasuwannin gwanjo. Tayil mai suna a jiki yana da wuyar ɓoyewa. Kada ka sa a zana mata sabo sai in ita ta nema.

Kyamarar kuma ka fito da ita in ranka ya kwanta. Ka nemi izinin masu gida, ka bar adireshi a aljihunka.

Ba zan yi maka alkawarin za ta sake kiran ka ɗanta ba. Mai yiwuwa ka rasa wannan, kuma na san zai yi maka zafi. Amma tana da shekara tamanin da shida, ba ka da watanni da yawa na yin shawara. Ka je cikin satin nan. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya ba ta lafiya, ya daidaita tsakaninta da maƙwabciyarta.

Dona Leonor