Yau Mesar Ta Cije Ni

Daren Laraba, Hunkuyi, damina ta uku da samun 'yancin kai

Ban taɓa jin daɗin ciwo kamar na yau ba.

Kwana goma sha biyu ke nan da na tsinci mesar nan bayan kasuwa. Wani gardi ne ya gama wasa da ita ya yar, bakinta a ɗinke da zare, ya kumbura. Na warware ɗinkin da almakashin Inna, kullum ina wanke mata da ruwan gishiri, amma ko buɗe bakin ba ta yi. Baba ya ce in Juma'a ta zo ba ta farfaɗo ba, baduku zai kira ya feɗe ta.

Da la'asar na sa hannun dama cikin kwandon da na ajiye ta, sai caraf ta kama mini babban yatsa.

Inna ta saki rariya tana salati. "Abin da aka koya miki a jami'ar ke nan, 'yar nan? Jinyar maciji?"

Na ce, "Inna, ba ta da dafi. Dubi sawun haƙoran, duk suna aiki!"

Baba ya daɗe yana kallon jinin, sannan ya ce, "Ta warke. Gobe ki kai ta fadama tun ba ta haɗiye mana kaji ba."

Da hagu nake wannan rubutu, kuma ban damu da karkacewarsa ba.