Bidiyon Piyanona a Gurup ɗin Dangi

Yaya Rakiya,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya Kaka da ciwon ƙafarta, yaya mutanen Damagaram? Mu a nan garin Bron lafiya lau, ban da ni.

Bidiyon da nake kaɗa piyano ke kaɗai na tura wa. Me ya kai shi gurup ɗin dangi? Kawu na Saint-Denis, can kusa da Paris, ya gani, ya kira Baba wai kiɗan gidan rawa nake koyo. Yanzu Baba ya ƙi sa hannu a takardar zuwa gasar Paris, kuma ran Asabar malamarmu ta kiɗa za ta rufe karɓar sunaye.

Kin ma san kiɗan na wane ne? Wani mutumin Kuba ne, a Paris ya yi karatu, aka kore shi daga ƙasarsu don ya goyi bayan masu neman 'yanci. Kiɗan bankwana da gida ne, Yaya. Wata huɗu ina koyonsa, wani lokaci har da hawaye, ke kuwa kika liƙa masa hoton dariya.

Ki roƙi Kaka ta kira Baba, ta kuma sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Littafin soyayyar da kika roƙa yana hanya. Na cire shafin ƙarshe.

Ƙanwarki,
Nafisa