Mijina da Tekunsa

Garwa, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Mahfuzu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Khaula da yara. Yaya zafin Kuseri?

Saƙonka ya iso. Ka ce in haƙura in bar Manuela ta zo ta ɗauki mahaifinta ta mayar da shi Beljiyam, tunda ya zama kaya. Yaya, girmanka yana nan, amma wannan karon ba zan bi ba. Mijina ne.

Ku Bature mai fenti kuka sani, ni na san ko wane ne. Théodore ɗan masunci ne a garin Ostende. Yana ƙarami teku ya haɗiye jirgin ubansa, ko hula ba a tsinta ba. Tun daga nan yake zana teku. Masu saye suka ce shuɗin ruwa mai kwanciya suke so su rataya a falo, shi kuwa ya dinga ba su ruwan toka mai kumfa da fushi. Ya yi shekaru yana kwana da yunwa bai sauya launi ba, har waɗanda suka raina shi suka dawo suna layi a ƙofarsa. Sannan ya zo Garwa koyar da zane, ya musulunta, Malam ya raɗa masa Munir, kai da bakinka ka ba shi aurena.

Yanzu ciwo ya shanye masa ɓarin dama. Faransanci da Hausa sun gudu daga bakinsa, sai yarensu na Flaman kawai, wanda ba na ji. Amma kullum da safe ina tura keken guragunsa bakin kogin Binuwai, in damƙa masa buroshi a hannun hagu, ya yi ta fama. Wanda yake wannan bai zama kaya ba.

Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Lauratu

Garwa, ranar Asabar

Yaya Mahfuzu,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sa ƙafar Khaula ta yi sauƙi.

Manuela ta zo. Na shirya mata faɗa, sai na tarar da yarinya mai ladabi, ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce mata babu inda za shi. Ta ce a tambaye shi. Ban so haka ba, don ita kaɗai ke jin yarensa, duk abin da ta ga dama za ta iya ce min ya ce.

Ya daɗe yana magana, yana nuna zanen da ya yi wata yana yi. Ni na ɗauka kogi ne hannun hagu ya karkatar. Ashe teku ne. Duk safiyar da na kai shi Binuwai, tekun garinsu yake zanawa. Ta ce yana so ya gan shi kafin ya mutu. Ban yarda ba sai da na kama fuskarsa na ce da Hausa, za ka tafi? Ya gyaɗa kai. Sai ya riƙe wuyan hannuna, riƙon da har yau da shaidarsa.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Da na gama na wanke fuska na je neman biza.

Na san abin da za ka ce: sanyi, baƙon wuri, wa na sani can, in ya rasu wa zai wanke shi. Na tambaya, akwai Musulmi a garin, akwai masallaci. Kada ka turo Baffa ya lallashe ni, wahalar mota kawai zai sha. Biza ta fito, ranar Litinin muna hawa jirgi zuwa Duwala, daga can mu wuce Beljiyam.

Ban taɓa ganin teku ba sai a bangon ɗakina. Zan je in tsaya gabansa da kaina, in ga abin da ya ci min surukin da ban sani ba, ya kuma hana mijina sakat.

Ka yi mana addu'a, ko da ranka a ɓace.

Taka har kullum,
Lauratu