Unguwar da Auta ta Zaɓa

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Allah Ya tsare ku, Ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida babu sanda.

Sai maganar gidan hayar da kake son saya a nan. A bakin Inna na ji, wai ka ɗora wa Auta neman unguwa, har ta zaɓa ta tura maka bidiyo. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya tsaya mini a rai. Ni da na goya ka, ni da na yi shekara ashirin ina kai ɗinki gida-gida, babu lungun da ban sani ba a garin nan, amma yarinyar da na koya wa ɗaura zane ce za ta nuna maka inda za ka zuba guminka? Kishi ne, na sani, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Don haka na rufe shago, na yafa mayafi, na tafi neman aibin unguwar. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na fara zuwa, ina ta fatan in tarar da kwata ta shiga gidaje. Ko takalmina bai ɓaci ba. Na bi gindin katangu ina neman shaidar ambaliya, babu. Na murɗa famfon layin, ruwa ya feso mini har a fuska. Na zauna wajen mai injin niƙa na bugi cikinta, ta ce 'yan haya ba sa barin layin sai in an canza musu wurin aiki, don ga makaranta ga asibiti kusa. A zuwana na uku har ta tambaye ni ko ɗaki nake nema.

Ka sayi gidan. Sau uku na je, aibi ɗaya tak na samo: ba ni na zaɓa ba. Kada ka kuskura Auta ta ji na je.

Ka gaida amarya da takwaran Baba. Inna da maigidana suna gaisuwa. Auta ba sai na isar da tata ba, tunda kullum kuna waya.

Ni ce yayarka, wadda har yanzu lambarta ba ta canza ba.